Wadari da Kunkuru: Yadda Masaƙi Ke Tsayar da Dogon Zare Daidai

Wanda ya tsaya kallon masaƙi a gindin bishiya yakan ɗauka cewa gwanintar duk a wurin jefa ƙoshiya take. Wannan hannu ya cilla, wancan ya cafe, ƙafa ta ja allera, matsefi ya buga, ido ma ba ya iya bin saurin. Masu sana'ar kuwa sun san cewa kyan saƙa ko muninta ya riga ya tabbata tun ranar da aka kafa turaku a fili aka yi wadari. Idan zare 120 suka hau masaƙa, wasu sun ɗame tamau wasu suna lilo, babu ƙarfin dantse ko nauyin dutsen da zai mayar da su tsawo ɗaya. Gefe zai yi ta tsinkewa, tsakiya ta yi tudu, ranar da maɗinki ya zo haɗa ƙwarya, wato siririn ƙyallen da aka saƙa, da 'yar'uwarta kuwa sai a ga zane ya ƙi kwanciya, ratsi ya ƙi haɗuwa da ratsi.

Ƙasar Hausa ta daɗe da wannan ilimi. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, tufafin auduga da ake saƙawa ana rinawa a birni da ƙauyukan kewaye suna cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalinsa. Ya ƙiyasta cewa wanda ake fitarwa waje kaɗai ya kai na wuri miliyan 300 a shekara, ana kai shi Tumbuktu da Murzuk har Tarabulus. Duk wannan dukiya da 'yan siraran ƙwarya aka tara ta, waɗanda ake saƙawa ɗaya bayan ɗaya daga dogon wadari. Garin Kura da ke kudu da Kano ya yi suna da turkudi, wanda faɗin ƙwaryarsa wani lokaci bai wuce santimita 2 ba. A jera su da yawa a ɗinke, a rina da baba, a buge har ya yi walƙiya, Buzaye su saya su naɗa. A ƙwarya mai wannan siranta, zare ɗaya da ya saki ya isa ya karkatar da ita.

Masaƙar maza ba ta da sandan baya da ake naɗe zaren wadari a kansa. Masaƙi yana zaune cikin 'yar rumfar itace, sandan naɗi a gaban cikinsa, matsefi da allera biyu suna rataye a gabansa. Zaren ya ratsa su, ya haye wani sanda a bakin rumfar, ya miƙe a fili taku goma ko fiye, ya ƙare a dunƙule a kan kunkuru, wato ɗan katakon nan da ake ɗora wa dutse. Kowane lokaci da masaƙi ya naɗe abin da ya saƙa, kunkuru ya matso kaɗan. Wannan tsari ne masaƙan Bida da Ilori da Iseyin ke aiki da shi, haka masu saƙar kente a Bonwire ta ƙasar Ghana, haka masaƙan Zabarma a Nijar. Ba shi da ƙarfe, ba shi da tsada, kuma yana ɗaukar wadarin da ya wuce mita 100 ba tare da an ƙara wa masaƙar ko ƙusa ɗaya ba.

Me ya sa ake son wadari ya yi tsawo? Lissafi ne kawai. A ɗauka ana son zane mai ƙwarya 12, kowace tsawonta mita 2, faɗinta santimita 10. Saƙaƙƙen da ake nema ke nan mita 24. Amma zaren wadari ba ya tafiya a miƙe cikin saƙa, hawa yake yi yana sauka a kan abawa, wato zaren ƙoshiya, wannan lanƙwasa kuma tana cin tsawo. A ware mata kamar kashi 10 cikin 100, idan abawar mai kauri ce a ƙara. Sai asarar kai da gindi, wato abin da za a ƙulla a sandan naɗi da abin da zai rage cikin allera da matsefi wanda ba zai saƙu ba, mita 1 zuwa 1 da rabi. Jimla ta tasar wa mita 28. Idan kuwa zane 5 za a yi iri ɗaya, saƙaƙƙe mita 120 ne, lanƙwasa ta ci 12, amma asarar kai da gindi tana nan yadda take, wahalar shigar da zare cikin allera ita ma sau ɗaya ce. Wadarin kusan mita 134 ke nan. Idan kayan za su je marina a ƙara musu abin da ruwa zai ci. Mai awo da kamu ko gaba ya yanki kara daidai kamunsa ya riƙa awo da shi, domin kamun maigida da na yaronsa ba ɗaya ba ne.

Yawan zare kuma matsefi ke faɗa. Wanda ke da ƙofa 60 a faɗin santimita 10, idan ana sa zare 2 a kowace ƙofa, zare 120 yake bukata. Wasu sukan ninka na gefe don baki ya yi ƙwari.

Ba kowane zare ne ke iya zama na wadari ba. Abawa tana da laushi, murzarta kaɗan ce, aikinta cika jiki. Na wadari kuwa zai sha ja, ya sha gugar allera da matsefi sau ɗaruruwa kafin abawa ta rufe shi, don haka sai mai murza sosai. Gwajin ba wuya: a kama kamu ɗaya a fizge. Idan ya tsinke da ƙara, ya yi. Idan ya sulale a hankali ya rabu ba sauti, a ajiye shi don ƙoshiya. A kuma kankare shi da farce sau da yawa a wuri ɗaya, wanda ya tashi gashi allera za ta cinye shi. Zaren kaɗin hannu yana son a tsoma shi cikin ruwan sitaci na rogo ko ƙullun gero da aka dafa ya yi tsululu, a shanya shi a miƙe. Sitaci ya kwantar da gashin, amma idan ya yi yawa zaren ya bushe ƙandas ya riƙa karyewa.

Akwai tarkon da ke kama har waɗanda suka daɗe a sana'a, shi ne haɗa zare iri biyu a wadari ɗaya. A saƙi, inda baƙi da fari ke tafiya tare, baƙin ya riga ya shiga marina ya sha ruwa ya takure, farin bai sha ba. Za su hau turaku tsawo ɗaya, amma ba za su miƙe daidai a ƙarƙashin dutse ba, ranar wanki kuma farin ya tsuke ya bar baƙin a tattare. Maganin shi ne a jiƙa farin shi ma a shanya kafin wadari. Tsamiya da alharini irin na barage, da zaruruwan kanti masu ƙyalli na yanzu, kowanne da yadda yake miƙewa. Idan ratsin irinsu yana da faɗi, gara a yi masa nasa wadarin dabam a ɗaura masa nasa ɗan nauyin.

Filin wadari sai ya zama shimfiɗaɗɗe, a share shi, a tabbatar ba hanyar awaki ba ce. Ana kafa turaku layi biyu suna fuskantar juna. Idan tsakaninsu mita 10 ne, wadarin mita 134 zai yi zirya sau 13 da ɗoriyar mita 4. Kafin zare ya taɓa turke, a auni igiya mai ƙwari wadda ba ta miƙewa daidai tsawon da ake so, a bi da ita turke bayan turke, ita ce za ta nuna hanya. A ƙarshen hanyar ana kafa turaku biyu kusa da juna domin giciye: a tafiya zare ya bi daman na farko da hagun na biyu, a dawowa ya bi akasin haka. Wannan giciye shi ke riƙe jerin zaruruwa, kowanne ya san na gabansa da na bayansa. Idan ya ɓace, zare 120 masu tsawon mita 134 sun zama tarin da zai ci kwanaki kafin a warware.

Da zare ɗaya a hannu, mai wadari zai taka fiye da kilomita 16 kafin ya gama. Shi ya sa ake jera kwarkwaro da yawa a kan katako mai ƙusoshi a ɗauka gaba ɗaya. Da kwarkwaro 10, zuwa da dawowa zare 20 ne, zagaye 6 ya gama aikin, tafiyar ba ta wuce mita 1,600 da 'yan kai ba. Sai dai sauƙin yana da sharaɗi biyu. Na farko, a wurin giciye dole a tsince zaren ɗaya bayan ɗaya da yatsu, wannan sama wancan ƙasa, kafin a saƙala su a turaku. Na biyu, kwarkwaron su zama cikarsu ɗaya. Cikakke yana sakin zare da sauƙi, har yakan zarce da juyi ya zubo, wanda ya kusa ƙarewa kuwa sai an ja shi da ƙarfi. Idan aka haɗa su a tafiya ɗaya an shuka bambancin tun daga tushe.

A nan ne aikin ke neman natsuwa. Mutum ɗaya ya fara, shi ya gama. Ba a miƙa wa wani a tsakiya ko da ya fi gwaninta, domin riƙon hannu biyu ba ya zuwa ɗaya. Tafiya ɗaya, ba gudu ba tsaye-tsaye. Ba jan zaren ake yi ba, barinsa ake yi ya biyo mutum ta cikin yatsu, ya miƙe kawai yadda ba zai ja ƙasa ba. Sabon shiga yakan ɗauka cewa ɗamewa ita ce kyau, sai ya riƙa fizga a kowane turke, ga abin da ke biyo baya. Kowane zagaye yana ƙara wa turaku nauyi, su fara sunkuyowa ciki a hankali yadda ido ba zai lura ba. Idan kowane turke ya sunkuya da santimita 1 kacal, kowace zirya ta ragu da santimita 2, zirya 13 kuma santimita 26 ke nan. Ma'ana zaren da aka shimfiɗa a ƙarshe ya gaza na farko da fiye da taƙi guda. Gefe ɗaya na ƙwaryar zai ɗame, ɗayan ya saki, daga farkon saƙar har ƙarshenta. Saboda haka a kafa turaku su nitse sosai, a tsaye cak, guntayen rodi sun fi itace idan ƙasar mai tauri ce. Bayan kowane zagaye a danna zaren ƙasa kusa da gindin turke, inda ja ba ya iya lanƙwasa shi. A jera zagaye kusa da zagaye, kada wani ya hau bayan wani, domin wanda ya hau ya fi na ƙarƙashinsa tsawo a kowace kwana.

A fara da sassafe bayan raɓa ta ɗauke, yadda za a gama a rana ɗaya. Idan lokacin salla ya yi a tsaya a turken ƙarshe, a naɗa zaren a kansa, a je a dawo. Abin da ba a yi shi ne barin rabin wadari ya kwana a turaku. Zai sha raɓa ya sha rana yana miƙe, gobe ya haɗu da sabon zare da bai sha komai ba. Idan kwarkwaro ya ƙare ko aka ci karo da ƙulli, in da hali a yi haɗin a turken farko ko na ƙarshe, inda ƙullin zai faɗa cikin asara. Ƙidaya kuma ba a barinta a ka: a ratsa zare mai wani launi a kowane 20.

Kafin a cire ko turke ɗaya, a ɗaure giciye. A zura igiya ta ɓangarorinsa biyu a ƙulle da kyau. Daga nan a bi wadarin ana shaƙe shi da ƙananan ɗauri, kowace gaba ɗaya ko biyu, ɗauri mai ƙarfi wanda zare ba zai iya zamewa a cikinsa ba. Mutane suna ƙyashin wannan aikin, alhali waɗannan ɗaure-ɗaure su ke ajiye daidaiton da aka sha wahalar samu. Ana fara naɗewa daga ƙarshen da ba shi da giciye, a kan sanda, ana gittawa dama da hagu, mai naɗin yana ɗan jingina baya don wadarin ya zauna a miƙe yayin da yake takawa zuwa turke na gaba. Giciye ya zo ƙarshe, a waje, domin shi zai fara shiga masaƙa.

Masaƙin da ke da ragowar tsohon wadari cikin allera da matsefi ya huta rabin wahala. Zai zauna ya riƙa ɗauko sabon zare daga giciye bi da bi yana ƙulla shi da tsoho, ƙulli ƙarami, sannan ya jawo ƙulle-ƙullen a hankali su ratsa allera su ratsa matsefi. Wanda ba shi da ragowa sai ya shigar daga farko: na ɗaya allerar gaba, na biyu ta baya, haka har ƙarshe, sannan bibbiyu cikin ƙofofin matsefi. Da an gama a taka a duba. Idan maƙwabta biyu suka tashi tare, an yi kuskure, a gyara nan take. Kuskuren da aka bari zai ja layi a jikin ƙwarya tsawon mita 120.

Sai ɗaurin gaba. Tukuna a kai dunƙulen kan kunkuru, a ɗaure wadarin daidai wurin ɗaya daga cikin shaƙe-shaƙen nan, a ɗora dutse. Daga can a taho ana shafo zaren zuwa masaƙa, duk wani saki ya gangaro gaba. A raba shi ƙananan damtsa, kowanne kamar faɗin yatsa, a fara ƙulla na tsakiya a sandan naɗi, sai dama, sai hagu, ana fita waje. Ƙullin farko rabi ake yi, domin da na baya sun karɓi nauyi, waɗanda aka fara ɗaurewa za su saki. A rufe ido a bi da tafin hannu a kan zaren daga gefe zuwa gefe. Hannu ya fi ido gane wannan. Inda ya nutsa a ƙara ja, inda ya yi tauri a sassauta, sannan a ƙarasa ƙulli. A jefa abawa mai kauri sau biyar ko shida a buga, sai a karanta layin da ta yi. Inda ya yi tudu ya nufi matsefi, zaren wurin ya saki, abawa ba ta dannuwa. Inda ya lotsa ya nufo masaƙi, ya ɗame da yawa. Layi miƙaƙƙe shi ne izinin fara saƙa.

Daga nan aiki ya koma wurin kunkuru, kuma yana da kyau a fahimci abin da yake yi da abin da ba ya yi. Ƙarfin jan da ke kan wadari ba wani abu ba ne illa turjiyar katako a kan ƙasa, ita kuma nauyin dutse da yanayin ƙasar ke kawo ta. Ko dunƙulen mita 130 ne a kai ko mita 15, jan bai damu da tsawon da ya rage ba. Amma kunkuru jimlar ja kawai yake bayarwa. Yadda za a raba ta tsakanin zare 120, wannan wadari ne ya riga ya yanke. Gajerun zaruruwa su ɗauki kayan, dogaye su huta. Shi ya sa ƙara dutse a kan wadarin da bai daidaita ba ba ya tayar da masu saki, sai dai ya tsinka masu ɗamewa.

Nauyin da ya dace gwaji ke nuna shi. Idan kunkuru yana matsowa da kansa a kowane bugun matsefi, ko baki, wato tsakanin zaren sama da na ƙasa, ba ya buɗewa sarai ƙoshiya tana tuntuɓe, dutsen ya yi kaɗan. Idan allera ta yi nauyin taka, zare yana tsinkewa ba dalili, ya yi yawa. Siririn turkudi ɗan dutse yake so, bargon luru mai kauri sai babba. Da an samu wanda ya dace, shi ne dutsen wannan wadari har ƙarshe, kada yara su ɗauke shi a maye da wani.

Hanyar kunkuru ita ma a kula da ita. Yashi yana taruwa a gabansa ya ƙara turjiya, siminti yana da santsi, ƙasar da ruwa ya daka tana riƙewa, tsakuwa ɗaya tana iya tokare shi. A share hanyar kowace safiya. A ja layi a ƙasa daga tsakiyar matsefi ya miƙe sak, kunkuru ya bi kansa, domin idan ya kauce gefe, baki ɗaya zai ɗame ɗayan ya saki ko da wadarin ba shi da aibu. Wajen naɗewa kuma a juya sanda a hankali. Kamar jan buhun hatsi ne a ƙasa, tayar da shi ya fi ci gaba da jansa wuya, kuma a daidai wannan fizgar ta farko ce raunanan zaruruwa ke tsinkewa.

Nisan da ke tsakanin masaƙa da kunkuru ba ɓarnar fili ba ne. Zaren da ya gaza 'yan'uwansa da santimita 1, a tsawon mita 10 bambancin kashi 1 ne cikin 1,000, auduga za ta miƙe ta shanye shi. A tsawon mita 1 kuwa ya zama kashi 1 cikin 100, ya isa ya nuna a jikin saƙa. Ga kuma wani abu: yayin da kunkuru ke matsowa gindin rumfa, zaren yana ƙara miƙewa sama, yana ɗaga goshin katakon, turjiya ta ragu. Don haka ba a jira sai ya iso. Tun da sauran kamar mita 3 a tashi a kwance, a warware sabon tsawo, a mayar da shi baya. A wannan karon shafar daga masaƙa take farawa ta nufi dunƙule, a tura duk saki baya, a riƙe wadarin a shimfiɗe cikin hannu, sannan a ɗaure ɗaurin da ya kama kowane zare, na ciki da na waje. Ba a kwance shaƙewa sai wadda ta shigo fili. Idan aka lura zaruruwa iri ɗaya ne ke tara saki a kowane zuwa, turaku ne suka sunkuya ranar wadari, sai a bi da haƙuri a kiyaye gaba.

Yanayi yana da nasa hannu a ciki. Auduga tana ƙara ƙwari idan ta ji danshi, da hunturu kuwa ta bushe ta yi gautsi. Masaƙi ya ɗan yayyafa ruwa a kan zaren da ke fili, ko ya shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma, tsinkewa za ta ragu. Da damina matsalar ta juya: sitaci ya yi danƙo, zare ya manne da zare, dunƙulen da aka bari a jiƙe ya yi fumfuna. Idan an tashi aiki a sauke dutse, a naɗe wadari a shigar da shi ɗaki. Zaren da ya kwana a ɗame yana miƙewa ya ƙi komawa, wurin kuma zai fito dabam a jikin zane.

Zare ɗaya da ya saki a tsakiyar aiki ba ya bukatar a kwance komai. A ja sakin baya, a rataya masa ɗan nauyi a bayan allera, ƙaramin dutse ko noti, a riƙa matsar da shi. Wanda ya tsinke a nemo bakinsa, a ƙara masa guntu irinsa, a bi da shi ta gurbinsa a allera da matsefi, kada ya gitta maƙwabcinsa. Idan kuwa na gefe ne kullum ke tsinkewa, sau da yawa laifin ba na wadari ba ne, na hannun ƙoshiya ne. Abawar da aka ja da ƙarfi tana tsuke ƙwarya, zaren gefe ya riƙa shiga matsefi a karkace yana goguwa har ya yanke. A bar abawa ta kwanta a ɗan karkace cikin baki kafin a buga, ta samu rarar da za ta lanƙwasa da ita. Sandan naɗi shi ma a sa masa ido: a rufe ƙulle-ƙullen farko da tsumma don kada su yi ƙulu a ƙarƙashin saƙa, idan naɗin ya yi tsini a gefe ɗaya a warware a sake.

A ajiye kara mai tsagi a gefen zama. Da shi ake auna faɗin ƙwarya da tsawon kowane ratsi. Saƙar safe da ta la'asar, ta ranar da masaƙi ke da ƙarfi da ta ranar da ya gaji, duk za su kwanta gefe da gefe a zane ɗaya, kara ne kaɗai zai hana su saɓawa.

Masaƙar mata ta tsaye nata tsarin dabam ne. Zaren yana zagaye sanduna biyu, na sama da na ƙasa, tsawonsa bai wuce ninki biyu na tsakaninsu ba, kuma dole a riƙa sassauta ɗaurin sandan yayin da saƙa ke cin tsawo. Masu faffaɗar masaƙar zamani mai sandan baya kuwa, haɗarinsu yana wurin naɗi. Zagaye na sama yana nutsewa cikin na ƙasa, na gefe ya zame ya faɗi, tsawo ya bambanta. Su riƙa sa takarda mai kauri wadda ta fi wadarin faɗi, ko siraran sanduna, tsakanin zagaye da zagaye, su naɗa a ɗame, bayan kowane juyi su ja damtsa-damtsa da ƙarfi ɗaya.

Abin takaici ne a ga an koya wa yaro jefa ƙoshiya shekara da shekaru, amma ranar wadari aikinsa bai wuce miƙo turaku ba. Irin wannan ko ya yi sauri bai zama masaƙi ba tukuna, domin ranar da babu maigida ba zai iya ɗora zare a masaƙa ba. A ba shi wadarin mita 10, farin zare launi ɗaya, ya kafa turakunsa, ya yi giciyensa, ya saƙe shi har ƙarshe ya ga inda hannunsa ya ɗame da inda ya saki. Daga nan a ƙara masa tsawo.

Idan dunƙule ya ƙare, ana ɗaura igiya a wutsiyar wadarin a haɗa da kunkuru, don a ci gaba da saƙa har ƙarshen ya iso bayan allera. A yanke a gaban matsefi, a bar kamar taƙi ɗaya a gaba da taƙi ɗaya a baya, a ƙulla su damtsa-damtsa yadda ba za su zare ba. A jikin wannan ragowa za a ƙulla wadari na gaba.